Gartsa a Falona

Hafsa, Halifa, wannan naku ne. A waya nake rubuta shi, a shago, tsakanin mai son a canza masa gilashi da mai kukan batir, saboda haka in kun ga magana ta yi tsalle ku yi haƙuri. Gwaggonku Rabi ce ta sa ni wannan aiki. Duk taron da aka yi sai ta ba da labarin wai ni mai dabara ne, wai da gangan na ajiye akwatin kifi don in riƙe Baba a Ƙaura. Mutane su ce Allah Ya yi albarka, ni kuma in sunkuyar da kai kamar gaske. To ba haka aka yi ba. Saura ƙiris kifin nan ya kori kakanku daga gidana, kuma da bakina. Gara ku ji daga wurina kafin ku girma da labarin da aka yi wa kwalliya.

Akwatin ya riga Baba zuwa. Na je Kano sarin kayan waya, na ga kifaye cikin gilashi a wani shago, ƙanana, masu launi kamar an kai su marina. Na tsaya kallo har abokin tafiyata ya ce mota za ta bar mu. Ina dawowa na sami mai yanka gilashin taga, na nuna masa hoto, ya haɗa mini wani mai tsawon kamu biyu. Na jona ɗan injin kumfa da sola, don kun san halin wutarmu. Daga nan duk zuwa Kano sai na dawo da leda ɗaure da ruwa a kan cinyata, har Gusau, har gida. Kuma yadda ake zaɓen shadda haka nake zaɓen kifi: wanda ya yi mini kyau. Akwai gofi, 'yan mitsi-mitsi masu wutsiya kamar gyale. Akwai wasu masu ratsin baƙi da ba sa zama wuri ɗaya. Akwai wasu biyu masu faɗi kamar faifai, masu tafiyar ƙasaita. Ban taɓa tambayar wa zai iya zama da wa ba. Ruwa ne dai, kifi ne dai.

Baba masunci ne, haka ubansa, haka kakansa. Ƙauyenmu na bakin gulbi, gaba da Shinkafi. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa mana, mutane suka watse, ni da Rabi muka yi ta roƙonsa har ya yarda ya taho wurina. Inna ta riga ta rasu. Ya sauko daga mota da buta, da carbi, da 'yar jakar tufafi, da gorarsa ta su, wadda yake hawa cikin ruwa, da komarsa, wato ragar kamun kifi, a naɗe. Na rataye gora da koma a ɗakin ajiya, na ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa, na sa masa fanka. A lissafina na gama komai.

Abin da ban hango ba shi ne, a gidan nan babu wanda Baba zai yi hira da shi. Ni ɗan fari ne. Tunda nake bai taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. In zai kira ni sai ya ce "kai", in yana cikin raha ya ce "Mai waya". Mamanku kuma suruka ce, 'yar gidan malamai daga Zurmi, ta durƙusa ta gaishe shi kanta a ƙasa, ta ajiye kwano, ta tashi. Ke kaɗai, Hafsa, kike da lasisin hawa kansa. Kina da shekara uku lokacin, yana ce miki amarya, kina ja masa gemu. Halifa ba a haife ka ba tukuna. Mutumin da a gida in ya tsaya bakin gulbi ya kalli ruwa ya ce yau ba a shiga, to ba mai shiga, shi ne ya koma daga ɗaki sai masallaci, daga masallaci sai ɗaki. Kwanon tuwo ya fara dawowa da rabi. Na ga yana ramewa, na sayo masa maganin ƙarin jini.

Ana cikin haka na sayo diragon. Haka mai shagon Kano ya kira shi, ya ce daga ƙasar waje ake kawo shi, ba kowa ke da shi ba. Dogo ne kamar maciji, tsawon ɗan yatsa da rabi, da 'yan ƙayoyi jere a baya kamar zarto. Ranar Asabar na kira abokaina uku su zo su gani. Muna tsaye gaban gilashi ana ɗaukar hoto sai ga Baba ya dawo daga sallar la'asar. Ya tsaya bayanmu, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. A karon farko tunda ya zo na ga fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Ikon Allah. Wanga ai gartsa na. Ina kas samo shi?"

Na ce, "Diragon ne, Baba."

"Gartsa na. Cike suke ga fadamarmu. In sunka faɗo koma yara muka ba su gasa. Amma kak ka bar shi da ƙananan ga, shina cinye su."

Abokaina suka fashe da dariya. Sani, wanda muka yi makaranta tare, ya ce, "Wato ka je har Kano ka sayo ɗan garinku!" Dariyar nan ce ta hau mini kai. Ban ma juyo ba na ce:

"Baba, wannan ba irin kifinku na ƙauye ba ne. Wannan ilimi ne daban, sai an karanta. Ka bar mana kawai."

Ku karanta layin nan sau biyu, don ni na yi ta maimaita shi a raina fiye da sau dubu. A gaban baƙi na faɗa. Baba bai yi fushi ba. Da ya yi ma da sauƙi. Ya ce, "To. Allah Shi ba da sa'a," ya ja takalminsa ya shige ɗaki. Dariyar ta mutu da kanta, abokaina suka fara tuna suna da wurin zuwa.

Bayan kwana biyu na ƙirga gofi, goma sha huɗu sun zama goma sha biyu. Ba gawa, ba komai. Bayan mako sun zama tara. Masu faɗin nan biyu kuma fikafikansu suka yayyage kamar tsumma, suka lafe a kusurwa ba sa cin abinci. Na shiga guruf ɗinmu na masu kiwon kifin ado a waya na tura hoto. Wani ya ce ruwan burtsatse ne. Wani ya ce zafi ne, in sa ƙanƙara. Wani ya ce gishiri. Wani ya turo bidiyon minti arba'in. Duk na yi. Na canza ruwa har mai ruwan unguwarmu ya tambaye ni ko gini na fara. Hoton diragon kaɗai ne ban tura ba, don a can cikin raina na san amsar da zan samu, kuma na san wa ya riga faɗa. Gofi suka zama shida. Diragon kuwa sai ƙiba yake, yana kwance a ƙasa kamar bai san komai ba.

Wata ranar Talata na dawo cin abincin rana na tarar da Baba a tsakar gida, ya baje komarsa, zare a baki, yana ɗinke inda ɓera ya ci. Gora na gefe an wanke ta. Na tsaya kusa da shi. Bai ɗago ba ya ce:

"Kai. Ran kasuwar Shinkafi ina tahiya. Na yi magana da direba."

Na zuba masa duk hujjar da nake da ita. Hanya ba kyau. Ƙauyen ba kowa sai tsofaffi biyar-shida da suka ƙi tashi. Ko watan da ya wuce an ɗauki mutane a gona. Na ce me ya rasa a nan, abinci ko ɗaki? Ya bar ni na gama, ya cire zaren daga baki.

"Ban rasa komi ba. Allah Shi yi ma albarka. Amma can ko mutum biyar sunka rage, in sunka ga hadari suna tambayata ko gulbi na kawowa. Nan kau ci nikai in kwanta kamar ragon layya."

Na kira Rabi, ta yi kuka a waya, ta roƙe shi, bai canza ba. Na je wurin limamin masallacinmu, ya zo ya yi nasiha, Baba ya saurara da ladabi, ya raka shi ƙofa, ya dawo ya ci gaba da ɗinki.

Mamanku ce ta warware. Ranar Laraba da yamma tana tankaɗe a ƙofar kicin, ina zaune ina danna waya ina neman wanda zai ƙara sa baki. Ta ce:

"Abban Hafsa, ka san abin da Baba ke yi in ka tafi shago?"

Na ce barci.

"Ba barci ba. Kana fita yake ɗaukar Hafsa su zauna gaban gilashin nan. Har azahar. Yana nuna mata, wannan ne mugu, wannan matsoraci ne, wannan yunwa yake ji. Jiya na ji yana ce mata kafin Juma'a saura huɗu. Yana jin ƙarar mashin ɗinka yake tashi ya koma ɗaki."

Na ajiye wayar. Ta buga rariya a hannu ta ƙara da cewa:

"Ka tambayi mutanen Legas, ka tambayi na Kano, ka tambayi Bature a bidiyo. Mutum ɗaya ne a garin nan ya shekara hamsin cikin ruwa, kuma ɗakinsa na kallon naka."

Na ce, "To ai na ba shi haƙuri a raina."

Ta ce, "Ranka ba ya da lasifika. Kuma ba haƙuri yake nema ba, in ka ba shi haƙuri kunya za ka ƙara masa. Tambayarsa za ka yi."

Na ji haushinta, ba zan ɓoye muku ba. Na ce mata ana maganar rai tana maganar kifi. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Da safe, ranar kasuwa, Baba ya fito da jakarsa, gora a kafaɗa, koma a naɗe. Ya zauna kan benci a zaure yana jiran direba. Ke Hafsa kin riƙe masa riga kina cewa sai ya tafi da ke. Na leƙa falo na ƙirga gofi. Huɗu. Ko Juma'ar ba a kai ba. Na fito, na cire takalmi, na durƙusa gabansa. Wallahi na taɓa buɗe wayar wani babban mutum tana hannuna ta mutu, ban ji abin da na ji a lokacin nan ba.

Na ce, "Baba, kifina na ƙarewa. Na yi duk abin da na sani. Ban iya ba."

Ya kalli titi. "Wayar ta mutu?"

"Tana nan. Ba ta san gartsa ba."

Sunan da na kira kifin da shi ne ya sa ya juyo. Ya dube ni, abin da ba ya yi. Sai ya ce miki, "Amarya, tashi mu ga ɓarnar da ubanki ya yi." Ya jingine gora a bango.

Minti biyar na ce a raina zai yi. Ya ja kujera ya zauna gaban gilashi, ni ina tsaye bayansa kamar ɗan makaranta. Ya ce in fara da baki. Duk kifin da zan haɗa da wani in dubi bakinsa, in ɗayan zai shiga ciki, to ba maƙwabci na kawo masa ba, abinci na kawo masa. Ya nuna masu ratsin baƙi ya ce waɗannan ba mugaye ba ne, kaɗan ne. Irinsu a gulbi garke suke tafiya, in sun yi yawa junansu suke kora, in su uku ne kawai sai su huce a kan wutsiyar wani. Ya ce ruwa hawa-hawa ne, akwai na sama, akwai na tsakiya, akwai na ƙasa, ni kuma na tara kowa a tsakiya na bar ƙasa ga ɓarawo shi kaɗai. Sannan ya ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Kuma dubi. Fili fetal kamar filin Idi. Ina mai tsoro za shi ɓoye? Ko kai anka aje ka ɗaki ba labule, kowa na kallonka, kana cin abinci?"

Ya sa Mamanku ta kawo tsohon tulun da ya fashe a bayan kicin. Yana cikin fasa shi gida uku da dutse, a hankali, yana goge bakin kada ya yanki kifi, sai direba ya yi hon a waje. Ba wanda ya motsa. Ya sake yi. Na ce, "Baba, mota." Bai ɗago ba.

"Ce mai shi tahi. Wani mako. Ba a barin aiki rabi."

Wani makon ya zo, ya ce yashin da na zuba na gini ne, sai an ɗebo na gulbi. Na gaba ya ce ciyawar roba ba ciyawa ba ce. Na bayansa ya ce ƙasa na buƙatar mai shara. Direban ya gaji ya daina tsayawa ƙofarmu.

Kada ku ɗauka a banza na samu. Diragon ɗina ya koma cikin tsohuwar randa a tsakar gida, sunansa gartsa, ana jefa masa tana. Masu faɗin nan biyu da na fi so, Baba ya ce ba za su taɓa shan ruwa ɗaya da masu ratsi ba, in zaɓa. Na kai wa Sani su, yana karɓa yana dariya. Falon da nake taƙama da shi ya koma kamar an yanko gefen fadama an sa a gilashi: katangar tulu, saiwar itace, yashi, ganye. Kuma duk Asabar da safe, lokacin da kasuwar waya ta fi ci, sai na rufe shago na goya Baba a mashin zuwa bakin gulbin Gagare, nan kusa da gari inda mutane ke wanki. Ya naɗe wando ya shiga da 'yar koma, ni ina riƙe da bokiti. Masu kawo gyara da yawa sun koma wani shagon. Na ji zafin abin a lokacin. Yanzu in an ce in sayar da Asabar ɗaya daga cikinsu, ba ni da farashi.

A nan ya kamo mana kurungu biyu, 'yan ƙanana masu gashin baki da ɗigo-ɗigo, su ne masu sharar ƙasa. Na ɗauko su zan juye cikin gilashi ya riƙe mini hannu.

"Baƙo daga zuwa sai cikin gida? Zaure shika kwana tukuna, a ga halinai, a ga ko da ciwo ya zo."

Suka yi kwana goma a roba kafin ya yarda. Daga baya na ga a guruf ana koyar da wannan da dogon Turanci. Wata rana kuma na kamo 'yar karfasa mai kyalli na ce mu sa ta, ya ce a'a, karfasa tana da kyau tana ƙarama, amma ranar da ta yi niyyar gida kowa sai ya tashi, har tulun sai ta tone. Muka mayar da ita ruwa. Gofi huɗun nan suka hayayyafa har muna rabawa. Mutanen guruf suka fara turo tambaya suna cewa a tambayar mana Baba. Ina karanta masa, yana ba da amsa, wani lokaci ya ce, "Wanga ban san shi ba, nuna man bakinai."

Abin da ya fi komai, mun sami wurin magana. Ba ma kallon juna, gilashi muke kallo, shi a kujera ni a ƙasa. A haka ya ba ni labarin yadda ya haɗu da Inna, da shekarar da gulbi ya ci gonarmu, da ranar da aka haife ni ya rasa inda zai sa kansa don kunya ya tafi su ya wuni. Kwano ya koma dawowa wayam. Har Mamanku ta kai tana tsayawa bakin ƙofa ta sa baki, yana ce mata "Malama, ke ce mai gaskiya."

Shekara biyu da wata bakwai ya ƙara tare da mu. Ya ga haihuwarka, Halifa, sunansa ka ci, shi ya yi maka huɗuba. Ciwon da ya ɗauke shi bai wuce kwana shida ba. A ɗakinsa ya cika, da hantsi, kansa a kan cinyata, Rabi na gefe, Mamanku na karanta masa Yasin. Aka yi masa wanka, aka sallace shi, mutane har bakin titi, muka kai shi da kafaɗunmu. Ku da kuka tashi a gari ba za ku gane girman wannan ba. Daga cikin tsofaffin da suka zauna a ƙauye akwai waɗanda har yau ba mu san inda kabarinsu yake ba. In na tuna haka sai in rasa bakin godiya ga Allah. Bayan Shi kuma ga uwarku, wadda ta faɗi magana ɗaya tana tankaɗe. In kun ji Gwaggo Rabi na yabona a taro, ku juya ku kalli Mamanku. Ba za ta ce komai ba, amma ku kalle ta.

Bai taɓa kiran sunana ba har ya tafi, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Ana jibi zai rasu ya sa na kama shi muka je falo. Ya daɗe yana kallo, ya ce ruwan ya yi, kifin sun yi, in rage ba su abinci don hannuna ya cika sake. Sannan ya ce, "Mai waya, ka iya yanzu." Shi ke nan abin da ya ce.

Gora da koma suna nan rataye a ɗakin ajiya, kada wanda ya bayar da su. Gartsa ya girma ya fi randa, mun mayar da shi Gagare. Kurungu ɗaya ya mutu bara, ɗayan yana nan ƙarƙashin katangar tulun da kakanku ya goge bakinta da hannunsa. Hafsa, ke kike ba shi abinci yanzu, kuma na lura hannunki irin nawa ne. Ki rage.